Cikin Biskit na Bakwai

Raylene ta sake ɗaga kai ta dubi agogon ɗakin wanki. Takwas da kwata. Minti arba'in ke nan Biskit tana nishi a cikin kwandon tawul, ba abin da ya fito sai wani ruwa kore-kore da ya ɓata shimfiɗar. Ta sa safar hannu, ta shafa wa ɗan yatsanta mai, ta taɓa a hankali. Kan jariri ta ji, ya tokare a hanya, kuma ba irin kan da hanyar za ta iya fitarwa ba ne.

"Ya isa haka, tsohuwa," ta ce. "Kin yi iya yinki. Asibiti za mu."

Biskit ta dube ta da idanun da suka yi zuru-zuru, ba ta yi kuka ba. Ko a haihuwa shida da ta yi a baya ba wanda ya taɓa jin kukanta. Kyanwar gida ce gajera mai ruwan toka, kunnenta ɗaya a tsage, irin wadda in ka gamu da ita a bayan rumbu ba za ka waiwaya ba. Shekararta tara. Abin da ke cikinta ne ba irin nata ba.

Da Raylene ta fito riƙe da akwatin ɗaukar kyanwa, Tango ya riga ya iso bakin shingen wayarsa. Muzurun daji ne, irin wanda ake kira serval. Tsayinsa ya ɗara gwiwar babban mutum, ga dogayen ƙafafu, ga kunnuwa faka-faka, jikinsa duk ɗigon baƙi a kan ruwan ɗorawa. Ya yi wannan ɗan kukan nasa mai kama da na tsuntsu, wanda ba ya yi wa kowa sai Biskit.

"Kai ka ja mana," in ji Raylene. "Koma ka ci kazarka."

Ta ɗora akwatin a kujerar gaban tsohuwar a-kori-kurarsu, ta ɗaure shi da bel, ta kira mahaifinta. Asabar ce, maƙwabcinsu ya ɗauke shi tun da sassafe zuwa gwanjon shanu, inda ko tsawa aka yi ba za a ji ba. Wayar ta yi ta ringi har ta gaji. Sai ta bar masa saƙo.

"Baba, ni ce. Ɗa ya tokare. Na tafi wurin Dakta Pruitt, ka same ni can."

Tafiyar minti ashirin da biyar ce zuwa cikin gari. Alkama ta yi kore shar a dama da hagu, iskar Oklahoma tana kwantar da ita tana tayarwa. Raylene tana tuƙi da hannu ɗaya, yatsu biyu na ɗaya hannun ta zura su ta ƙofar akwatin. Tana jin numfashin Biskit a kansu, gajere, mai zafi.

Shekara shida ke nan wannan ita ce sana'ar mahaifinta, Orval Tackett, tun da alkama da shanu suka daina riƙe gida. Ana haɗa muzurun daji da kyanwar gida. Abin da aka haifa rabi daji ne rabi gida, su ake kira 'yan zubin farko, kuma a kansu masu hali daga Dallas da Las Vegas suke bin layi. Guda ɗaya ya kai kuɗin mota. Abin da ba a rubutawa a shafin talla shi ne, ɗan daji yana bukatar kwana saba'in da 'yan kai a ciki, kyanwar gida kuwa sittin da biyar ne iyakarta. Sai 'ya'yan su zo da girman da ya fi ƙarfin ƙugun uwa, da huhun da bai gama nuna ba.

Ita Biskit ba don wannan aikin aka kawo ta ba. Raylene ce ta tsince ta a cikin ciyawar rumbu tana 'yar shekara goma sha huɗu. Bayan wata biyu Orval ya dawo daga Missouri da ɗan muzurun daji a kwali, sai su biyun suka tashi tare a kicin, kwando ɗaya, kwano ɗaya. Da Tango ya girma, Orval ya sayo masa kyanwoyi biyu masu takardar asali. Ta farko ko kallonta bai yi ba. Ta biyu ya cafke ta a wuya, sai da aka yi mata ɗinki goma sha ɗaya. Muzurun daji ba ya yarda da kyanwar gida sai wadda ya buɗe ido ya gani a gefensa, kuma shi Tango Biskit ya gani.

Tun daga haihuwar farko renon ya faɗo a kan Raylene, don jariran ba su da ƙarfin tsotso. Duk bayan awa biyu sai an ba su madara da sirinji. Ta yi shekarar ƙarshe ta sakandare da kwalin takalmi a ƙarƙashin teburinta, da kwalbar ruwan zafi naɗe a safa. Daga baya ta tafi Tulsa ta karanta jinyar dabbobi, ta fito ta ɗaya a ajinsu, ta samu aiki a can. Amma duk watan Afrilu wayarta za ta yi ƙara, ta ji muryar mahaifinta: "Lokaci ya yi." Sai ta ɗauki hutunta na shekara ta taho. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, kuma ba ta taɓa barin ya ga ta yi hamma ba.

Bara ne kawai ta buɗe baki. Ta ce masa a hutar da Biskit, jikinta ya ƙare.

"To, Likita," ya ce, yana goge takalminsa. "Takardarki ta shekara biyu ce. Ni shekara arba'in ina karɓar haihuwar shanu. Ɗaya ya rage, in ta ba ni mace na ajiye, shi ke nan."

Mai karɓar baƙi a asibitin dabbobin, wata mata mai suna Wanda, tana tsakiyar cin waina mai sukari lokacin da Raylene ta turo ƙofa da kafaɗa. Ta fi shekara ashirin a kan wannan kujerar, ta san kowane kare a gundumar da sunan kakarsa.

"Wa nake gani kamar 'yar Orval? Ke da aka ce kin zama 'yar birni." Sai idonta ya kai kan akwatin, ta ajiye wainar. "Wayyo, uwargidan ce? Tun yaushe?"

"Ya fi awa yanzu. Kai ya tokare."

"Dakta! Fito, ga Biskit." Ta juya ga kwamfuta tana lasar yatsa. "Tackett, Orval. Tango, shanu, tsohon karen nan da ya mutu... ba ta nan. Kai, kullum sai na yi wannan shirmen. Ga ta a ƙarƙashin sunanki. Ina shi maigidan? Yana can yana leƙen haƙoran shanun da ba zai saya ba?"

"Na bar masa saƙo."

Dakta Pruitt ta fito tana naɗe hannun riga. Doguwar mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta ɗora Biskit a tebur, ta shafa cikin, ta saurara, ta sa na'ura ta duba. Fuskarta ba ta canja ba, sai dai ta daɗe tana kallon allon.

"Uku ne. Zuciya biyu nake gani. Sai tiyata." Ta dubi Raylene ta saman tabarau. "Mai taimaka mini ba ta zuwa ranar Asabar. Takardar taki ta gaske ce, ko ta ratayewa a bango?"

"Gwada ni, Dakta."

"To wanke hannu, 'yata."

Ɗakin tiyatar ƙarami ne, yana warin maganin wanke rauni. Raylene ta aske cikin Biskit, ta ga tabon tiyatar haihuwa ta huɗu da ta biyar, layi biyu a kan juna. Ta sa mata maganin barci, ta zura bututun numfashi, ta jera tawul uku a kan abin ɗumamawa. Na'urar bugun zuciya ta shiga ƙara, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Dakta Pruitt ta yanka, ta zaro na farko, wanda ya tokare, ta miƙo. Babba ne, har ɗigon jikinsa ya fito. Harshensa ya riga ya yi shuɗi. Raylene ta murza shi duk da haka, sannan ta naɗe shi ta ajiye gefe.

Na biyu ya zo da santsi, ya kusa kuɓuce mata. Ta fasa jakar ruwan, ta zuƙe majinar hancinsa da ɗan roba, ta kifa shi a tafin hannu ta shiga murza bayansa da tawul.

"Haba ɗan Tango, kar ka ba mu kunya. Ubanka kaza guda yake cinyewa a zama ɗaya."

Ya buɗe baki ba sauti. Ya sake buɗewa. A na uku sai ga wani siririn kuka kamar an ja ƙofar kwaba. Ta ɗaga jelarsa ta duba. Namiji.

Ta ukun ƙarama ce, kuma mace. Ta ja numfashi sau biyu a hannun Raylene. Raylene ta murza, ta hura mata iska, ta ɗiga mata magani a ƙarƙashin harshe, ta sake murzawa har hannunta ya yi tsami. Dakta Pruitt ce ta ce mata, ba tare da ta ɗago ba, "Bari haka nan. Zo ki ga wani abu."

Raylene ta matso. Ta sha ganin mahaifar kyanwa a Tulsa, nama ne mai kauri, ja jawur. Wannan kuwa ta yi sirara kamar takardar da ruwa ya jiƙa, har ana hango yatsan Dakta ta bayanta. A gefen hagu, kusa da tsohon tabo, ta tsage kamar tsawon gaɓar yatsa.

"Zan iya ɗinkewa," in ji Dakta Pruitt. "Zai riƙe yau, zai riƙe gobe. In ta sake ɗaukar irin wannan cikin, zai iya fashewa tun kafin naƙuda, tana cikin keji, ba wanda ya sani. Ko kuma in cire gaba ɗaya, ta huta. Tsohuwa ce, ba na son ta wuce minti goma a haka. Je ki zo mini da amsa a rubuce."

Raylene ta sa ɗan namijin a akwatin ɗumi, ta cire safar hannu, ta fita.

Orval yana tsaye a ɗakin jira, malafarsa a hannu, takalminsa duk kashin shanu. Gajere ne kakkaura, rana ta dafa masa wuya. Bai gaishe ta ba.

"Nawa?"

"Ɗaya."

"Mace?"

"Namiji. Akwai mace, amma ba ta tsaya ba."

Ya runtse ido. Namijin zubin farko ba ya haihuwa, ado ne kawai, a sayar a wuce wurin. Mace ce ke ci gaba da iri. Biskit ta haifi mata huɗu a baya, duk ya sayar da su, kullum yana cewa ta baɗi zai ajiye.

Raylene ta faɗa masa abin da ta gani, a taƙaice, yadda aka koya mata faɗa wa masu dabbobi. Ya saurara yana juya malafar.

"Ta ce za ta iya ɗinkewa?"

"Ta ce zai iya fashewa."

"Zai iya. Ni ma mota za ta iya bige ni in na fita nan. Kin ga ai har yanzu tana haifar mace. A ɗinke, ta huta shekara guda cur, mu gwada sau ɗaya. In ta ba ni mace, wallahi har matashin kai zan saya mata."

"Haka ka ce bara, Baba."

"Bara ba ta ba ni ba."

"Bara ta ba ka. Tana Las Vegas, tana yawo da sarƙar zinariya a wuya."

Wanda ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su bukatar gyara. Orval ya taka zuwa ƙofar ɗakin tiyata, ya ɗaga murya.

"Dakta, Orval ne. Ki ɗinke!"

"Ba na aiki da baki, Orval," muryar ta fito daga ciki. "Wanda, ba mai ita takarda. Saura minti bakwai."

Wanda ta zaro takardar daga na'ura, ta ɗora a kan kanta. Orval ya sa hannu a aljihun riga ya zaro biro. Sai Wanda ta dafe takardar da tafinta, tana kallon wani wuri a bango.

"Orval, ba kai za ka sa hannu ba."

"Ban gane ba."

"Ba taka ba ce. A fayil, da ɗan ƙarfen shaidar da ke wuyanta, duk sunan Raylene ne. Ni na rubuta da hannuna. Ka manta? Ta zo da ita rigakafi a cikin hular sanyi, kai kana tsaye a nan inda kake. Na ce sunan wa zan sa, ka ce ba za ka ɓata sunanka a kan kyanwar rumbu ba, a sa na yarinyar."

 Raylene ta tuna ranar. Ta tuna hular, ja ce, ta mahaifiyarta ce da ta rasu. Takardar izinin ajiye Tango da sunan Orval take, a cikin gilashi a falo. Kowane ɗa da aka haifa, kafin ya buɗe ido an yi masa rajista da sunan Orval. Uwar ce kawai ba wanda ya taɓa tunanin ta kai a sauya mata takarda.

Wanda ta tura takardar gabanta. Raylene ta miƙa wa mahaifinta hannu. Orval ya dubi biron da ke hannunsa, ya dube ta.

"Ray. Kin san Tango ba zai karɓi wata ba. In kika cire wannan, kin rufe komai. Ba kyanwa kawai kika yanka ba."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Rufin da kike kwana a ƙarƙashinsa in kin zo, ita ce. Makarantar da kike ɗaga mini hanci da ita, wa ya kai ki? Alkama? Cikin kyanwar nan ne ya kai ki Tulsa."

Maganar ta same ta inda ya nufa. Ta ji zafinta har cikin kunne. Amma ba ta sauke ido ba.

"Gaskiya ne, Baba. Ita ta kai ni. Ta kai ni na koyo yadda ake gane abin da na gani a ɗakin nan yanzu. Da ban je ba, da na yarda da kai." Ta ƙara miƙa hannun. "Ara mini biron."

Bai ba ta ba. Wanda ta zare nata daga cikin gashinta ta ajiye a kan kanta. Raylene ta ja layi a ƙarƙashin inda aka rubuta a cire, ta rubuta sunanta cikakke, harafi bayan harafi, yadda yake a takardar makarantarta. Orval ya mayar da bironsa aljihu, ya kifa malafarsa, ya fita. Bai buga ƙofar ba, har riƙe ta ya yi ta rufu a hankali.

Sauran aikin bai ɗauki minti ashirin ba. Dakta Pruitt ta ɗaure, ta yanke, ta ɗinke fata da ƙananan ɗinki masu kyau. Da ta gama ta cire tabarau ta goge.

"Hannunki bai yi rawa ba," ta ce.

"Yana yi yanzu."

"Yanzu ba komai."

Raylene ta yini a ɗakin baya, a kan kujerar roba, tsakanin kejin da Biskit ke farfaɗowa da akwatin ɗumi. Sha biyu ta ba ɗan madara, ɗigo-ɗigo, tana shafa maƙogwaronsa. Ƙarfe biyu ta sake ba shi. Tsakanin nan Biskit ta buɗe ido, ta yi ƙoƙarin tashi, ta faɗi, ta haƙura. Raylene ta kai mata ɗan kusa da hanci. Ta sansana shi, ta lashe shi sau ɗaya, ta koma barci.

Wanda ta shigo mata da kofi da burodi mai gyaɗa a ciki.

"Ci, kar ki faɗi mana a nan. Kin ga fuskarsa kuwa? Kamar wanda saniya ta taka." Ta yi dariya, sannan ta daina. "Ba mugu ba ne, kin sani. Tsoro ne. Mutum ya kai sittin da biyu, a ce masa ya sake sabon lissafin rayuwa."

"Na sani, Anti Wanda."

"Tulsa za ki tafi da ita?"

"Haka nake tunani. Ɗakina ƙarami ne, amma akwai taga mai rana."

Bayan ciyarwar ƙarfe huɗu Dakta Pruitt ta sallame su da magani da dogon gargaɗi. Raylene ta sa ɗan a cikin safa, ta zura shi a cikin rigarta, a kan ƙirji. Ta ɗauki akwatin ta fito tana tunanin yadda za ta yi tuƙi da su biyun.

A-kori-kurar tana inda ta bar ta, amma injin yana aiki. Orval yana zaune a mazaunin direba. Da ta buɗe ƙofa sai zafi ya buge ta. Ya kunna na'urar ɗumama mota har ƙarshe, ya rufe tagogi, a ranar da mutane ke yawo da riga mai gajeren hannu. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ba ta san tun yaushe yake zaune a haka ba.

"Shigo da sauri, kina fitar da ɗumin," ya ce.

Ta shiga, ta ɗora akwatin a cinya. A tsakaninsu akwai jakar takarda ta kantin gari. Suka wuce rumbunan hatsi, suka wuce cocin da ke bakin gari, alkama ta sake buɗewa a gabansu.

"Ya sha?" in ji Orval.

"Sau uku. Yana haɗiya da kyau."

"Ta ƙarfe shida fa?"

"Zan ba shi."

Ya gyaɗa kai. Can kuma, yana kallon hanya, ya ce, "Mai sayen nan ta Dallas mace take so. Na kira ta na ce ta nemi wani wurin."

 Raylene ta sa hannu a ƙirji ta ji ɗan yana motsi.

Tun kafin su tsaya suka hango Tango yana kai da kawo a bakin shinge. Ya yi hanya a cikin ciyawar da sawunsa. Kazar da aka jefa masa da safe tana nan yadda take, ƙudaje sun taru a kai. Da ya ga akwatin sai ya tsaya cak, kunnuwan nan suka juyo gaba, ya shiga wannan kukan nasa na tsuntsu ba ƙaƙƙautawa.

Raylene ta nufi ƙofar gida, sannan ta tsaya. Daga cikin akwatin wata 'yar murya ta fito, a shaƙe, irin wadda ba ta taɓa ji daga bakin Biskit ba. Ta juya ta taka zuwa shingen, ta ajiye akwatin a ƙasa, ƙofarsa tana fuskantar waya.

"Minti biyar kawai," ta ce, ba ta san ko da wa take ba.

Tango ya sunkuyo da dogon wuyansa, ya sansana, ya yi atishawa saboda warin magani. Sai ya naɗe ƙafafunsa ya kwanta, ya manna gefen fuskarsa da wayar. Kukan ya tsaya.

Orval ya iso da jakar kantin. Ya zaro kaji biyu masu ƙanƙara ya ajiye a kan murfin firjin da ke bakin rumfa. Ya tsaya yana kallon dabbobin biyu, hannu a ƙugu.

"Yaushe za ki tafi da ita?"

Raylene ta tuna tagarta mai rana, hawa na uku, da titin da motoci ba sa yankewa.

"Wa ya ce zan tafi da ita? Mijinta yana nan. In ɗinkin ya warke ta koma wurin abinta. Zama kawai, Baba."

"Zama kawai," ya maimaita, kamar yana ɗanɗana kalmar. "Su biyu su ci su kwanta, ni in yi ta sayen kaza."

Ya sake zura hannu a jakar, ya fito da ƙaramin gwangwanin kifi. Raylene ta dubi takardar jikinsa. Na cikin ruwa ne, ba na cikin mai ba. Biskit ba ta cin na mai, yana sa ta amai. Raylene ta ɗauka ita kaɗai ta san wannan a duniya.

Ya ja murfin, ya tsiyaye ruwan a ciyawa, ya zaro cokalin roba daga aljihu.

"Kaɗan, Baba. Rabin cokali. Cikinta bai gama farkawa ba."

"Na ji, Likita."

Ta saurari kalmar ta ƙarshe da kyau, tana neman ba'ar da ta saba ji a cikinta. Ba ta same ta ba.

Ya durƙusa da ƙyar a kan tsakuwa, gwiwa ɗaya sannan ɗayar. Ya ɗan buɗe ƙofar akwatin ta gefe, ya zura cokalin.

"Taki ce," ya ce, bai waiwayo ba. "Ki tambaye ta ko za ta karɓa daga hannuna."

Raylene ba ta tambaya ba. Agogonta ya nuna shida saura kwata, kuma ɗan da ke ƙirjinta ya fara neman abinci da baki. Ta shiga ta ɗora ruwan ɗumama madara. Ta tagar kicin tana hango su. Biskit tana kallon cokalin, ba ta matso ba, ba ta kuma kau da kai ba. Gwiwar Orval ta fara rawa a kan tsakuwar, amma bai janye hannun ba.